Gyaran Hinjin Gilashin Bayan Mota Idan Ya Saki

Mas'alarmu ta yau ta shafi masu motoci da direbobi da kanikawa da masu sana'ar sa gilashi, har ma da wanda bai mallaki mota ba amma yakan bi bayan ta wani a kan babur. Watau maganar gilashin nan na ƙofar bayan mota wanda ake ɗagawa shi kaɗai ba tare da an buɗe ƙofar duka ba, da abin da ya kamata a yi idan hinjin da ke riƙe da shi ya saki.

Ba kowace mota ke da irin wannan gilashi ba. Galibi ana samunsa a motoci ƙirar jif da masu dogon baya, irin su tsofaffin Honda CR-V na kafin 2007, da Nissan Pathfinder, da Ford Explorer da Escape, da Chevrolet Tahoe, da wasu daga cikin Toyota Highlander na 2008 zuwa 2013, da Peugeot 407 mai dogon baya. Fa'idarsa a bayyane take, domin mutum na iya jefa cefane ko jaka a bayan mota ba sai ya ɗaga ƙofa mai nauyi ba, balle inda aka ajiye motar daf da bango. Mafi yawan waɗannan motoci kuwa sun iso hannunmu ne bayan sun ci shekaru a Amurka ko Turai, sun sha dusar ƙanƙara da gishirin da ake barbaɗa wa tituna a can lokacin sanyi, wanda ke cin ƙarfe a ɓoye. Sa'an nan jirgin ruwa ya sauke su a Kwatano ko Ikko, suka zo suka tarar da ranar bazara da ƙurar hunturu da gargadar hanya. Saboda haka hinjin da ya saki yau a Kano ko Maraɗi, sau da yawa ciwonsa ya samo asali ne tun kafin motar ta tsallako teku.

Kada wani ya ɗauki al'amarin ƙarami. A shekarar 2004 kamfanin Ford da kansa ya yi kira a Amurka a mayar masa da motoci fiye da dubu ɗari tara, ƙirar Explorer da Mountaineer na 2002 da 2003, don a gyara musu maƙalan wannan gilashi, saboda an gano yana iya faɗowa ya tarwatse. Idan waɗanda suka ƙera motar, da injiniyoyinsu da ɗakunan gwajinsu, sun ga wajibi ne su ɗauki wannan ɗawainiya mai tsada a kan hinji da sandar tokarin da ke tallafe gilashin idan an ɗaga shi, to bai dace mu a nan mu miƙa aikin ga ƙaramin yaron gareji da kwalbar sufa gulu, mu ce ya shafa mu tafi ba. Gilashi mai kaurin milimita 4, kowane murabba'in mita nasa kilo 10 ne, ban da ƙarafan da ke jikinsa. Kuma idan an ɗaga shi, daidai kan mutum yake tsayawa, ko kan yaron da ya leƙa ya ɗauko jakar makarantarsa.

Kafin a taɓa komai, lalle ne a fahimci ɗabi'ar shi wannan gilashi, domin duk kuskuren da ake yi a wajen gyaransa daga jahiltar ɗabi'arsa yake tasowa. Gilashin gaban mota falle biyu ne da aka manna da siririyar roba a tsakani, shi ya sa idan dutse ya same shi yakan tsage amma ya tsaya a wurinsa. Na baya da na gefe kuwa wani iri ne dabam. A masana'anta ana yanka shi, a goge bakinsa, a huda duk ramukan da ake bukata, sa'an nan a gasa shi da zafin da ya wuce digiri 600 a ma'aunin Salsiyas, a hura masa iska mai sanyi farat ɗaya, har fuskokinsa biyu su daskare tun cikinsa bai huce ba. Da cikin ya zo hucewa sai ya janyo fuskokin ya matse su, gilashin ya zauna har abada a cikin wannan hali na jayayya tsakanin ciki da waje. Wannan jayayya ita ce sirrin ƙarfinsa, don ya fi gilashin taga ƙarfi kamar ninki huɗu, kuma ita ce sirrin halakarsa, don da zarar wani abu ya ratsa fuskar ya kai ga cikin, sai dukkan gilashin ya warware lokaci guda ya zama tsakuwa. Hukuncin da ke fitowa daga nan a fili yake: ba a huda shi, ba a yanka shi, ba a goge bakinsa da dutsen wuta, ba a kusanto shi da walda, ba a kuma jingina gefensa a kan siminti ko tsakuwa, domin gefen nan shi ne mafi rauninsa. Na sha jin masu ba da shawarar cewa tunda gam ya ƙi, a sa na'urar huji a fasa rami biyu a ɗaure da noti. Wanda ya bi wannan shawara zai ga gilashinsa a ƙasa kafin bakin na'urar ya kai rabi.

Hinjin kansa iri biyu ne. Akwai wanda aka ɗaure da ƙusa mai noti ta cikin ramin da aka huda tun a masana'anta, da 'yar roba a kowane gefe don kada ƙarfe ya taɓa gilashi. Wannan gyaransa mai sauƙi ne, ba zan daɗe a kansa ba: idan ya karye a nemo wani, sabo ko na hannu mai lafiya, a Ƙofar Ruwa ko Fanteka ko inda aka saba, a sauya duka biyun tare ko da ɗayan bai nuna alama ba, a tabbata robobin suna nan ba su ruɓe ba, a ɗaure da hankali ba da ƙarfin damtse ba. Sai dai in ja kunnen masu walda, cewa da yawa daga cikin waɗannan hinjoji ba baƙin ƙarfe ba ne, narkakken alminiyam ne ko tutiya da aka zuba a mazubi, kuma irin wannan idan ya tsage, ɗinkin walda ba ya mayar masa da amincinsa.

Iri na biyu shi ne wanda aka manna wa gilashi da gam kawai, babu rami babu noti, kuma a kansa ne maganarmu za ta tsawaita.

Idan irin wannan ya saki, abin farko da mai mota zai yi, tun kafin ya je gareji, shi ne ya rufe gilashin ya tabbata makullinsa na ƙasa ya kama, ya bi bakinsa na sama da tef mai faɗi ya haɗa shi da jikin mota, ya kuma sanar da iyali da direba cewa kada kowa ya danna maɓallin buɗe shi. Domin hinji ɗaya da ya rage ba a yi shi don ya ɗauki nauyin duka ba, kuma da an buɗe, sandunan tokari za su tura gilashin ya murɗe a kansa. Akwai kuma wata illa ɓoyayyiya wadda mutane ba su cika lura da ita ba. Mota idan tana tafiya, iskar da ke bayanta takan yi juyi ta komo, ta kwaso hayaƙin salansa ta cusa shi ta duk kafar da ta samu. A cikin hayaƙin nan kuwa akwai iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ba ta da wari, tana kawo ciwon kai da jiri da barci, idan ta yi yawa ta yi kisa. Don haka wanda ya ɗaure gilashinsa da igiya, da 'yar kafa a sama, ya ɗebi yara a kujerar baya ya kama hanyar Zariya ko Damagaram da tagogi a rufe, ya sa su cikin haɗarin da bai sani ba.

To, an zo gareji. Ya kai maigidan gareji, kafin ka aika a sayo gam, ɗauki hinjin ka duba ƙafarsa, ka duba gurbin da ta bari a kan gilashi, domin wurin da rabuwar ta auku shi zai gaya maka sababinta. Idan tsohon gam ya zauna daram a kan gilashi amma ƙafar hinjin ta fito tsirara da tsatsa ko farin gari a jikinta, to ruwa ne ya shiga ƙarƙashi ya ci ƙarfen, kuma wannan shi ne mafi sauƙin gyara. Idan gam ya bi ƙarfe ya bar gilashi fes, to mannewar ta lalace ta ɓangaren gilashi, ko don hasken rana ko don wani ya taɓa gyarawa bai tsabtace ba. Amma idan ka ga gam ɗin ya ɓamɓaro baƙin fentin nan na gefen gilashi, ko ya tafi da ɓarɓashin gilashin kansa har wurin ya yi kwarmi, to a nan gyara ya ƙare, sai sauya gilashi. Baƙin nan da kuke gani ya kewaye gilashin mota ba ado kaɗai ba ne, wani fenti ne na tangaran da aka gasa tare da gilashin ya zama jiki ɗaya da shi, aikinsa ya ba gam wurin kamawa ya kuma kare shi daga hasken rana, wanda ke ruɓar da shi sannu a hankali. Gilashin da fuskarsa ta ɓantare kuwa yana iya zama lafiya yau, ya tarwatse jibi yana ajiye ba wanda ya taɓa shi.

Bayan haka a gwada hinjin da hannu. Idan ba ya juyawa sai da ƙyar, saboda ƙura da tsatsa sun cushe ƙusar tsakiyarsa, to ga mai laifin nan an kama. Domin duk lokacin da aka ɗaga gilashi alhali hinji ya ƙage, ƙarfin da ya kamata ya tafi wajen juyawa sai ya koma yana ɓamɓarar gam. Wanda ya manna irin wannan hinji bai warware shi ba, ya ɓata kuɗinsa ne kawai, ko da ya sayi gam mafi tsada a kasuwa. A wanke ƙusar, a motsa ta har ta saki, idan ta cinye tana girgiɗi a sauya hinjin. Amma a jinkirta sa mai ko giris sai bayan an gama aikin manni ya bushe, don ɗigon mai guda a ƙafar hinji ya isa ya ɓata komai.

Yanzu sai maganar gam, inda mafi yawan asarar take aukuwa. Abu uku mutanenmu suka fi garzayawa gare su, sufa gulu, da gam mai haɗi biyu irin su Araldite, da silikon na masu tagogin alminiyam, kuma kowannensu yana da amfaninsa a muhallinsa, sai dai wannan ba muhallinsu ba ne. Dalili kuwa shi ne, Allah Ya halicci kowane jiki da gwargwadon yadda yake miƙewa idan ya ji zafi ya kuma tsuke idan ya ji sanyi, kuma ba su daidaita ba: idan gilashi ya miƙe kashi 9, baƙin ƙarfe zai miƙe kamar kashi 12, alminiyam kuwa kamar 23, watau ya ninka gilashi fiye da sau biyu. Ku dubi motar da ta wuni a rana cikin watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri, inda zafin inuwa kansa ke wuce digiri 40, balle baƙin gefen gilashi da ke shan rana kai tsaye, sa'an nan da yamma a kai ta wanki a watsa mata ruwan sanyi. A kowace rana ƙarfe da gilashi suna jan juna suna sakin juna, kuma abin da ke tsakaninsu shi ke shan wahalar. Sufa gulu idan ya bushe ƙanƙararre ne mai gautsi, ba ya jure girgiza ba ya jure ruwa. Gam mai haɗi biyu na gama-gari yana da ƙarfi ƙwarai, amma da yake ba ya lanƙwasa, ko dai ya tsage, ko kuwa, wanda ya fi muni, ya riƙe har ya ɓantaro fuskar gilashin. Silikon yana lanƙwasa, amma an yi shi ne don toshe kafar ruwa ba don ɗaukar nauyi ba, kuma irinsa mai warin tsami yana cin ƙarfe. Ban da haka yakan bar wani santsi a wurin da ya taɓa, wanda ke hana gam na ƙwarai kamawa daga baya sai an sha wuyar kankarewa.

Abin da ya dace shi ne gam ɗin foliyuretan na gilashin mota, baƙin nan mai kauri da ake manna gilashin gaba da shi, wanda ake matsowa daga kwanso da bindigar gam. Asalin sinadarinsa wani masani Bajamushe mai suna Otto Bayer ne ya gano shi a 1937, kuma a yau kamfanoni irin su Sika na ƙasar Siwizalan da 3M na Amurka da Henkel na Jamus suna yin nau'o'insa. Falalarsa ita ce ya haɗa ƙarfi da taushi, yana riƙewa kuma yana ba da hanya ga miƙewa da tsukewa. Amma yana da sharuɗɗa, kuma wanda ya tsallake sharaɗi kada ya zargi gam. Na farko, a duba kwanan watan da ke jikin kwanso, domin rayuwarsa a ajiye ba ta cika wuce shekara ba, wanda kuma ya daɗe a rumfar kwano yana shan zafi yakan fara daskarewa tun yana ciki. Na biyu, a sayi faraimarsa tare da shi, watau baƙin ruwan nan da ake shafawa a matsayin shimfiɗa kafin gam, kuma ta kasance ta kamfani ɗaya da gam ɗin. Na uku, a sa safar hannu a yi aiki inda iska ke kaɗawa, don sinadarin da ke cikinsa yana cutar da fata da huhu, idan ya bushe a hannu kuwa sabulu ba ya fid da shi.

A ra'ayina ya fi aminci a sauke gilashin gaba ɗaya a yi aikin a kan tebur, ko da yake akwai masu yinsa a jikin mota da gilashi a rufe. Aikin mutum biyu ne, ko uku. A fara zare wayoyin da ke shiga jikinsa, na layukan nan masu ɗumama gilashi, da na waifa idan a kansa take, a zare su a hankali don maƙalansu da dalma aka liƙa su. Mutum ɗaya ya tallafi gilashin, ɗaya ya sa siririyar sukundireba ya ɗaga 'yar zoben ƙarfen da ke kan kowace sandar tokari ya zare ta daga ƙwallonta. Sa'an nan a zagaye gurbin hinjin a jikin mota da alƙalami kafin a kwance notinsa, a sauke gilashin a kwantar da shi a kan bargo ko katifa. Tun ba a kankare komai ba, a aza hinjin da ya saki a kan tsohon gurbinsa, a kewaye shi da tef ta kowane gefe, a auna nisansa daga bakin gilashi a gwada da ɗan'uwansa mai lafiya. Domin idan ya karkace ko da milimita biyu ne, hinjojin biyu ba za su juya a kan layi ɗaya ba, kuma za su riƙa yaƙar juna duk buɗewa har ɗaya ya sake saki.

Tsohon gam da ya zauna da ƙarfi a kan gilashi ba sai an kankare shi duka ba, a sa sabuwar reza a fefe shi a bar siririn falle kamar milimita ɗaya, domin sabon foliyuretan yana kama tsohon da aka yanka yanzu fiye da yadda yake kama komai. Wanda ya ruɓe ko yake ɓamɓaruwa, da duk wani gam baƙo da aka taɓa shafawa, a kawar da shi sarai, ana kwantar da rezar don kada ta karce baƙin fentin. Ƙafar hinji kuwa a goge ta da samfefa har ƙarfe ya fito yana ƙyalli, ba ɗigon tsatsa ko ɗaya. Sai wanki, kuma a nan ina roƙonku ku nisanci fetur da kananzir, don dukansu suna barin maiƙo; a yi amfani da ruwan wankin da kamfanin gam ya tanada, ko sifirit mai tsabta a farin ƙyalle, a shafa sau ɗaya ta fuska guda ba a komo da ƙyallen baya ba, a jira ya bushe ƙarƙaf, don ragowar sifirit yana hana gam nuna. Daga nan yatsa ya haramta ga wurin. A girgiza kwalbar faraima sosai, a shafa siririn shafi ɗaya a kan ƙarfen da kuma duk inda gilashi ya fito tsirara, a ba ta mintocin da aka rubuta a jikinta, waɗanda galibi kamar goma ne.

Wajen aza hinjin akwai wani kuskure da hankali ke kai mutum gare shi, wato ya zaci cewa yawan matsewa shi ne ƙarfin manni. Wannan gaskiya ne ga gam ɗin kafinta, amma a nan akasin haka ne, domin taushin da muke nema yana cikin kaurin gam ɗin, kuma wanda ya danne har ƙarfe ya kusa taɓa gilashi ya matse maganin ya fitar da shi waje. A bar kauri kamar milimita ɗaya zuwa biyu, ko gwargwadon yadda ake gani a hinji mai lafiya; a iya sa 'yan gutsattsarin roba a kusurwoyi su tsare wannan tazara. A aza hinjin sau ɗaya a cikin iyakar tef, kada a ɗaga a sake, a ɗora masa ɗan nauyi ko a kama shi da mamatsi mai laushi da katako da tsumma a tsakani, a shafe abin da ya tsattsafo ya rufe bakin ƙafar ta kowane gefe don kada ruwa ya sami ƙofa.

Saura jira, kuma shi ne ya fi komai wuya ga mai mota da mai gyara baki ɗaya. Shi wannan gam danshin da ke cikin iska yake sha ya nuna, daga waje zuwa ciki, kamar ginin laka wanda bayansa ke yin tauri alhali cikinsa ɗanye ne, sai dai shi gini rana yake jira, wannan kuwa laima yake jira. Masu yinsa sukan rubuta cewa a zafin digiri 23 da danshi kashi 50 cikin ɗari, yana nuna zurfin milimita 3 zuwa 4 a kwana guda, kuma nunar tana raguwa da sauri gwargwadon nisan ciki. To ku lura, ƙafar hinji ƙarfe ce a sama gilashi a ƙasa, danshi ba ya ratsa ko ɗayansu, ba shi da hanya sai ta gefe. Ƙafar da faɗinta ya kai yatsa biyu kuwa tsakiyarta na iya zama ɗanya kwanaki bayan gefenta ya yi tauri. Abin da ake rubutawa a kwanso cewa mota na iya tafiya bayan awa ɗaya ko biyu, magana ce a kan gilashin gaba, inda gam ɗin siririn layi ne mai tsawo da ya kewaye gilashi duka, ba ta shafi hinji ba. Ga mu kuma a ƙasar da danshin iska a tsakiyar hunturu yakan faɗi ƙasa da kashi 20, don haka aikin da zai nuna da wuri a watan Agusta zai ja lokaci a Janairu. Shawarata ita ce a bar gilashin a kwance a inuwa kwana uku a damina, mako guda a hunturu, a yayyafa ruwa a daɓen ɗakin ko a ajiye jiƙaƙƙen buhu kusa da shi don iskar wurin ta yi laushi. Wanda ya sami foliyuretan mai haɗi biyu, wanda ke nuna ciki da waje lokaci ɗaya ba ya jiran danshi, ya huta da yawancin wannan jira. A tsawon kwanakin a rufe bayan motar da leda mai kauri, a bar ta a gida in da hali.

Sandunan tokari su ne na ƙarshen komawa. A cikin kowace akwai iskar naitirojin da aka matse da ƙarfi, da ɗan mai, kuma ba ta daina turi ko gilashi na rufe; shi ya sa wanda ya manna hinji ya bar su a maƙale yakan wayi gari ya tarar hinjin ya zame daga gurbinsa. A jikinsu akwai lamba da harafin N a bayanta, wadda ke nuna ƙarfin turinsu, kowane 100 daidai yake da nauyin kilo 10 ko kusa da haka. Idan sun mutu a sauya su biyu tare da masu lamba iri ɗaya, kada a ɗauko ta babbar ƙofa a sa wa gilashi don ana son ya tashi da sauri, domin ita ma tana daga cikin abubuwan da ke tsinke hinji. A sa su yadda siririn ƙarfen zai dubi ƙasa idan gilashi na rufe, don man ya riƙa jiƙa robar bakinsu. Tsohuwar kuma kada a huda ta, kada a jefa ta wuta, kada a bar wa yara su yi wasa da ita.

Ya kamata in faɗi gaskiya guda wadda masu gyara ba su cika son faɗa wa mai mota ba. Kamfanoni da yawa ba sa sayar da hinjin manni shi kaɗai, sai tare da gilashinsa, domin a wurinsu manni na masana'anta ne kaɗai abin lamuni. Mu a nan tsadar gilashi da wuyar samunsa su suka sa muke gyarawa, kuma gyaran da aka cika sharuɗɗansa yakan yi shekaru. Amma hakkin mai mota ne a bayyana masa bambancin, ya zaɓa da saninsa. Malamanmu na mazhabar Malikiyya sun daɗe da tabbatar da cewa mai sana'a yana ɗauke da lamunin kayan da aka damƙa masa ya yi aiki a kansu, mas'alar tana nan a cikin Risala ta Ibn Abi Zaid wadda ake karantawa a zaurukanmu, kuma sun gina hukuncin ne a kan maslahar jama'a. Saboda haka bakanike da ya ga gilashi ya ɓantare ya ce ba zai manna ba, ko mai mota ya yi fushi ya tafi wani wuri, ya tsare amanarsa ya kuma tsare dukiyarsa. Haka nan dillalin da ya liƙa hinji da sufa gulu don motar ta kwana biyu a filin sayarwa, ya yi shiru bai gaya wa mai saye ba, ya ɓoye aibi a cikin ciniki, kuma alhakin wanda gilashin ya faɗo wa yana wuyansa.

Idan an mayar da gilashi, a ɗaure notin hinjojin sako-sako tukuna, a rufe shi a hankali a duba ko tazararsa da jikin mota ta daidaita dama da hagu, sa'an nan a ƙarasa ɗaurewa a bisa alamar alƙalamin da aka yi. A buɗe a rufe sau da yawa da hannu a ƙarƙashinsa, ana kallon ƙafar hinjin ko za ta motsa, kafin a maƙala sanduna, a kuma sake gwadawa bayan an maƙala su. A zuba ruwa ta sama, wani ya zauna ciki ya duba ɗiga. A mayar da wayoyi, a ɗiga wa ƙusar hinji ɗan mai. Daga ranar kuwa mai mota ya riƙa rufe gilashin daga tsakiyarsa da tafin hannu, ba daga kusurwa ɗaya ba, kada ya buga shi, kada ya yi tafiya da shi a buɗe don katako ko rodi ya leƙo waje, kuma duk lokacin da aka kai motar juyen mai ya sa a kama kowane hinji a girgiza a gani, a duba bakin gam ɗin ko ya fara tsagewa ko jan ruwan tsatsa na zubowa daga ƙarƙashinsa.